Yadda Injiniya Ya Huda Tankin Matarsa

Ranar da aka sauke tankin ruwa a tsakar gidan Injiniya, sai da ya zagaye shi sau uku, hannu ɗaya a baya, ɗayan yana bubbuga cikin tankin kamar mai zaɓen kankana. Tanki ne na roba, shuɗi, ya fi shi tsayi, ya kuma fi shi faɗi, kuma fin Injiniya faɗi ba ƙaramin aiki ba ne. Ba shi ya saya ba. Matarsa ce ta yi shekara biyu tana taka keken ɗinki har Allah ya hore mata shi, domin bayanta ya gaji da jido daga famfon ƙarshen layi. Amma duk wanda ya leƙo taya su murna, Injiniya ne ke tarbarsa a ƙofa yana cewa, "Mun dai kawo shi. Sai da na ƙi guda bakwai kafin na yarda da wannan."

Sunan Injiniya kuwa ba makaranta ce ta ba shi ba. Shekara ashirin da biyu ya yi yana gadin ƙofar wata masana'antar ƙarfe, ya ɗaga sanda mota ta shiga, ya ɗaga sanda mota ta fita. A ganinsa duk ƙarar injin da ta ratsa kunnensa a shekarun nan ilimi ne ya shiga ya zauna. Shi ya raɗa wa kansa sunan, unguwa kuma ta karɓa hannu bibbiyu, don ba ta ƙin abin dariya.

Aiki biyu ya rage a kan tankin. Mai waldan ƙetaren titi ya ƙera masa mazauni na ƙarfe mai tsayin gwiwa, an ɗora shi a kai, saura a huda rami huɗu a jikin mazaunin a ɗaure tankin da ɗamarar ƙarfe. Sai kuma a huda ƙasan tankin a sa masa kan famfo. Mai walda ya ce ranar Litinin zai zo da abokinsa mai gyaran famfo su gama. Ranar kuwa Asabar ce, kuma ran Asabar kaɗai motar ruwa ke shigowa unguwar.

Injiniya ya ce, "Litinin? Rami biyar ne fa. A kan rami biyar za a tara mini ƙarti biyu a gida?"

Matar ta ɗago daga kan keke. "Malam, Litinin ba ta da nisa. Na jira shekara biyu, kwana biyu ba za su gagare ni ba."

"A masana'anta kafin a sha shayin safe mun huda ɗari."

Daga ƙofar ɗakin da ke kusa da kicin wata murya ta ce, "Kai da wa?"

Yayarsa ce. Tun da mijinta ya rasu take zaune tare da su, kuma ita kaɗai ce a duniya ke kiransa Auta, duk da furfurar da ta cika masa gemu.

Ya ce, "Mu, Yaya. Mu ma'aikata."

"Daga bakin ƙofa kake huda su, Auta, ko miƙo maka ake yi ta taga?"

Injiniya ya shiga ɗaki ya sauko da injin hudar da aka ba shi kyautar sallama ranar da ya ajiye aiki. Shekara takwas yana saman durowa a nannaɗe cikin tsohon zanin matarsa, ko ƙwarya bai taɓa hudawa ba. Injin lafiya lau, sai dai babu tsinken huda ko ɗaya, wato ƙarfen nan mai murɗi da ake ɗaura masa a baki, wanda shi ne ke cin abin da za a huda. Injiniya ya kafa hula ya nufi shagon kayan gini.

Mai shagon mutum ne mai haƙuri, fensir a maƙale a kunnensa. Ya ce, "Me za ka huda, Baba?"

"Kai dai kawo masu kyau."

"Masu kyau ga me? Na katako daban, na bango daban, na ƙarfe daban. Roba ma da nata."

"Rami dai rami ne, ɗana. Ƙarfe zan huda da tankin roba."

Mai shago ya sunkuya ya jawo wata 'yar takarda mai maiƙo, ya warware. Tsinkaye biyu ne masu ruwan toka, ɗaya siriri, ɗaya ya fi shi kauri, babu wani ƙyalli a jikinsu.

"Waɗannan na ƙarfe ne, sun fi abin da za ka huda tauri. Ka fara buga ɗan gurbi da ƙusa don kada ya zame. Ka shiga da siririn, sannan babban ya bi. Kada ka yi gudu, kuma kana yi kana ɗiga masa mai. Zafi ne ke kashe tsinke, Baba, in ya yi zafi ya gama aiki." Ya sake ɗauko wani gajere mai siffar karas, jikinsa hawa-hawa. "Wannan kuma na roba ne. Ba ya fizga, aske ta yake yi sannu-sannu har ramin ya kai faɗin da kake so. Kada ka danna shi, kuma tankin ya zama ba ruwa a ciki."

Injiniya yana gyaɗa kai, amma idonsa ba ya kan tebur. Can a saman kanta ya hango wani akwatin roba mai murfin gilashi, tsinkaye talatin a jere daga ƙarami zuwa babba kamar sojoji a fareti, duk ruwan zinare, suna ɗaukar ido.

"Waɗancan fa?"

"Waɗancan fenti ne, Baba. Masu rataye hoto a jikin katako ke sayensu. Guda ɗaya na hannuna ya fi akwatin can duka tsada."

Nan take Injiniya ya gano bakin zaren. Yaro yana so ya liƙa masa tsohon kayan da ya ƙi fita, har launinsa ya dushe, ya ɓoye na kirki a sama. Ya yi murmushin wanda ba a cuta.

"Sauko da su."

Ya zaro ɗaya, ya buga a haƙorinsa, ya kara a kunne ya lumshe ido. "Ka ji? Wannan amon ƙarfen ƙasar waje ne. Shekara ashirin da biyu ina jin irinsa." Sai kuma ya hango wani dogo a rataye, ya kai kamu ɗaya, kansa mai faɗi kamar na mashi. "Haɗa da wancan."

"Na bango ne wannan."

"Abin da ya huda bango, roba ce za ta gagare shi?"

"Ba za ta gagare shi ba. Abin da nake tsoro ke nan." Mai shago ya mayar da takardarsa mai maiƙo. "Sai dai ka sani, in ya fita daga shagon nan ba ya dawowa."

"Wa ya ce maka zai dawo?"

A hanyar gida sai da ya buɗe akwatin ya nuna wa mai shayi, ya nuna wa mai aski, ya tsallaka titi takanas ya nuna wa mai walda, ya ce masa ya huta da zuwa Litinin. Mai walda ya dubi tsinkayen, ya dubi Injiniya, ya kashe injinsa, ya ɗauki kujerarsa ya biyo shi. Matan maƙwabta uku suka shigo aron gishiri, aka ba su, ba wadda ta fita.

Injiniya ya fito cikin tsohon kakin gadinsa, maɓallan ciki suna neman agaji, ga baƙin tabarau a ido. Ya jona waya a soket ɗin baranda, ya ɗaura tsinke na zinare, ya durƙusa gaban mazaunin ƙarfen. Gurbin da aka ce ya buga kuwa, wannan aikin 'yan koyo ne.

Ya danna. Tsinken ya taɓa ƙarfe ya zame, ya yi rawa hagu, ya yi dama, ya zana wani dogon layi mai lanƙwasa a kan sabon fenti. Ya sake. Ya sake zanawa.

Yaya ta ce, "Sunanka kake rubutawa, don kada a sace?"

"Auna wurin nake yi."

Ya daɗe yana aunawa. Gumi ya jiƙa masa ƙeya, ƙarfe ko ƙwarzane na kirki bai yi ba. Mai walda ya karkato kai ya ƙura wa injin ido.

"Baba Injiniya, injin nan baya yake juyawa."

"Na sani."

"To ai ba zai ci ba."

"Ana fara sassauta jijiyar ƙarfe ne kafin a shige shi. Ba a koya muku wannan ba?" Ya yi wani dogon tari, cikin tarin ya tura ɗan maɓallin sauya juyi da babban yatsa.

Da injin ya fara juyawa daidai, sai abin ya zama na gaske. Injiniya ya sake masa gudu duka, ya ɗora nauyinsa a kai. Tsinke na farko ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Na biyu ya yi wani abu da ko mai walda ya ce bai taɓa gani ba, murɗin jikinsa ya warware ya miƙe sumul, ya koma ƙusa. Na uku ya karye, guntun ya tashi sama ya faɗa cikin kofin shayin Yaya. Ta leƙa kofin, ta tsamo shi da cokali, ta miƙa masa.

"Ga kayan aikinka. Sukari na ce a ƙara mini."

Kafin azahar gurabe tara sun zama wayam a cikin akwati. Zinaren duk ya koma tafin hannunsa, daga can ya hau goshi da hanci duk inda ya share gumi. Yaya ta ce wa matan maƙwabta su taya ta murna, ƙaninta ya yi arziki har a fuska.

Matar ta fito da ruwa a kofi. "Malam, ka huta haka nan. Rana ta yi."

"Ba laifin tsinke ba ne. Ƙarfen da yaron nan ya yi aiki da shi ne ya cika kauri."

Mai walda ya ce, "Jiya cewa ka yi siriri ne, ba zai ɗauki tanki ba."

"Jiya daban."

"Bari in ɗauko nawa, Baba. Kafin ka shanye ruwan nan na gama huɗun."

Matar ta dubi mijinta da fatan ya amsa. Da su biyu ne kawai wataƙila da ya amsa. Amma ga matan aron gishiri sun zama bakwai, ga mai aski ya leƙo da almakashi a hannu.

Injiniya ya ce, "Zauna ka koya, ɗana. Ba kullum ake samun irin wannan damar ba."

Bayan an yi sallah aka dawo, kowa ya koma mazauninsa. Injiniya ya ɗaura dogon nan mai kan mashi. A saman injin ya lura da wani maɓalli mai hoton guduma, ya tura shi can, domin a saninsa duk inda aka zana guduma nan ƙarfi yake. Ya danna.

Gidan ya ɗauki ƙara kamar ana sauke tifar tsakuwa a kan kwano. Mazaunin ya kama karkarwa, tankin da ke kai yana amsawa da gurnani. Kaji suka haye katanga. A ɗakin Yaya agogon bango ya faɗo. Kumatun Injiniya suna rawa, tabarau yana gangarowa, shi kuwa murna yake, yana ɗaga murya yana cewa yanzu aka fara aiki. Kan mashin ya yi baƙi, ya yi ja, hayaƙi ya tashi. Sai ya ɓalle ya gangaro ya sauka a kan silifas ɗinsa, daidai tsakanin yatsu.

Injiniya ya yi tsalle ɗaya wanda rabonsa da irinsa tun yana saurayi. Da aka ɗaga silifas ɗin, ga rami zagayayye tsaf, ana hango rana ta ciki.

Yaya ta ce, "Alhamdulillahi. An samu na farko, saura huɗu."

Injiniya ya tsaya a ƙafa ɗaya ya yi wa jama'a bayani cewa ɗamarar ƙarfe tsohon yayi ce, a manyan ƙasashe an daina, saboda tana hana tanki numfashi. Ya kwance igiyar shanyar matarsa, kayan da ke kai ya tara a kan kujera, ya zagaye tankin da ita ya ƙulle a jikin mazauni.

Yana cikin ƙullin motar ruwa ta yi hon a ƙofar gida. Direban ya shigo yana jan tiyo, ya zagaya tankin yana neman abu.

"Ina kan famfon?"

Matar ce ta riga kowa magana. "Ba a sa ba tukuna. Cika shi haka nan, ma riƙa ɗiba ta sama da guga zuwa lokacin da zai ƙare. In ya ƙare masu aiki su huda." Ta juya ga mijinta, ta sassauta murya. "Malam, don Allah a bar shi haka. Ruwan mako guda ne. Ka yi ƙoƙari, kowa ya gani."

Ya ce, "To."

Ruwa ya riƙa shiga tankin yana ƙugi, har ya kai wuya. Matar ta dafa jikinsa ta ji sanyi, ta yi murmushin da ta daɗe ba ta yi ba. Gobe da asuba ba inda za ta. Aka kira la'asar, ta yi alwala da ruwan tankinta, ta shiga ɗaki.

Direban yana naɗe tiyo ya ce, "Tanki har tanki, amma ba famfo. Wane ne mai aikin naku?"

Ido goma sha wani abu ne kawai suka juya wuri ɗaya. Direban ya dubi kakin, ya dubi zinaren hanci, ya dubi silifas, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya fita. Matan suka fara miƙewa suna kakkaɓe zani, ɗaya tana ce wa 'yar'uwarta sai su dawo ranar da masu aikin gaske za su zo.

Maganar ta shiga kunnen Injiniya sarai. Ya dubi tankin, ya dubi akwatin, sai wani haske ya buɗe masa a ka. Me yaron shago ya ce? Zafi ne ke kashe tsinke. To duk tsinkayen nan zafi ne ya cinye su. Ga tanki cike da ruwan sanyi. Wanda ya huda shi yanzu, tsinken na shiga ruwa na sanyaya shi. Ya yi mamakin yadda duniya ta kai yau ba wanda ya gano wannan.

"Ku dakata," ya ce. "Ku koma ku zauna."

Yaya ta ce, "Auta, 'to' na ji ka ce."

"Na ce 'to' kafin ilimin ya zo."

Ya zaro mafi kauri a cikin na zinaren, mai kaurin babban yatsa, ya ɗaura. Ya soke kan famfon da aka sayo tare da tankin a aljihun gaba, ya bayyana tsarin: yana zare tsinke, sai ya cusa famfo, ko cokali ɗaya ba zai zube ba.

Mai walda ya ajiye kujerar da ya riga ya ɗauka. "Baba, wuta da ruwa ne fa. Kuma wannan tsinken fizgar roba yake yi, ga nauyin ruwa a kanta. A jira matar gidan ta idar."

"Kai da ka san walda kawai."

Mai walda ya taka a hankali ya tsaya a baranda, hannunsa a kan waya.

Injiniya ya durƙusa, ya kafa tsinke a ƙasan tankin, ya tokare injin da tumbinsa, ya sake masa gudu duka. Daƙiƙa biyu abin ya yi kyau, zaren roba shuɗi yana fitowa yana murɗewa. Ya juyo zai yi wa jama'a murmushi. Sai tsinken ya ciji robar ya shige gaba ɗaya lokaci guda, injin ya fizge ya murɗe masa hannu, aka ji ƙas. Mai walda ya finciko waya daga soket.

Injiniya ya zare injin, ruwa ya biyo baya ya same shi a tsakiyar fuska. Ya laluba aljihu ya ciro famfo ya tura, ramin ya yi masa kaɗan. Ya jefar, ya toshe da babban yatsa.

"Kun gani? Daidai inda na so."

Daga gefen yatsan wani siririn layi ya fito, ya haura sama kamu guda, yana tsartuwa. Ya danne da ɗaya hannun. Layin ya yi reshe zuwa dama, ya sa gwiwa. Ya ƙara haurawa, ya kafa goshi. Da matar ta fito, carbi a hannunta, ta tarar da mijinta manne da tanki kamar ƙadangare a bango, ruwa na fita ta ƙarƙashin hammatarsa.

"Malam, me kake riƙewa?"

Muryarsa ta fito daga jikin roba. "Gwaji nake yi."

Ba ta tsaya jin sakamakon gwaji ba. "Yaya, baho. Ku kawo duk abin da ke riƙe ruwa." Tsakar gida ta hargitse. Aka fito da bokitai, tukwane, buta, har da kwanon shan kaji. Matan maƙwabta suka ruga gida suka dawo da nasu, kuma ba duka ne suka juye a gidan da aka tara ba. Mai aski ya ce a liƙa sabulu. Aka liƙa, ruwa ya yi kumfa, kumfar ta shiga idon Injiniya. Ya roƙi a sosa masa hanci, Yaya ta sosa masa da mariƙin tsintsiya.

Mai walda ya ce, "Baba, sake shi ka matsa. Buɗewa zai yi."

"Injiniya ba ya barin aiki a tsakiya."

"Malam, ka taso. Na yafe ruwan."

"Saura kaɗan in shawo kansa."

Tankin ya yi wata ƙara irin ta yadin da aka kama da hannu biyu aka yage. Tsagar ta buɗe daga ƙasa har wuya, igiyar shanya ta tsinke, ruwan mako guda ya fito a lokaci ɗaya. Ya ɗauki Injiniya a zaune, ya ratsa da shi tsakar gida, ya bi da shi ta soro, ya ajiye shi a bakin titi gaban teburin mai shayi, inda mutane suka taru suna tambayar ƙarar me ake ji tun rana. Akwatin zinaren ya biyo shi yana lilo a kan ruwa, ya tsaya a gefensa. Tabarau dai yana nan a fuskarsa.

Mai shayi ya leƙo ta saman tebur. "Injiniya, an gama?"

Ya tofar da ruwa. "Robar ba ta da kauri. Tun da aka sauke shi na faɗa."

Titi ya ɗauki dariya, har direban motar ruwa da ke layin gaba ya leƙo.

A cikin gida kuwa ba a dariya. Matar tana tsaye gaban tankin, ya wage kamar littafin da aka buɗe. Ta tambayi mai walda ko yana ɗinkuwa. Ya shafa tsagar daga sama har ƙasa, ya girgiza kai, ya ce ko an narka an liƙe, ranar da aka cika zai sake buɗewa. Ta daɗe tana kallon tankin, leɓenta na motsi. Daga nan ta goge ido da gefen mayafi, ta ce Alhamdulillahi da abin ya tsaya a kan roba. Ta yi wa mai walda godiyar wayar da ya cire, ta sallami maƙwabta.

Injiniya ya shigo yana ɗiga, silifas ɗaya a ƙafa. Ya shirya jawabi tun daga soro, amma sai ta miƙa masa tawul, ta jawo masa kujera, ta duba hannun da injin ya murɗe ta shafa masa man zafi. Wannan ya fi faɗa tayar masa da hankali.

"Ba za ki ce komai ba?"

"Me zan ce, Malam? Allah ya tsare mana kai. Tanki kuwa zan koma kan keke. Wancan shekara biyu ya ci. Wannan ina sa ran ba zai kai haka ba, tunda yanzu ba zan riƙa katse ɗinki ina zuwa famfo ba."

"To wa zai je?"

Ta ci gaba da murza masa wuyan hannu. Yaya ce ta amsa daga ƙofar ɗakinta, tana matse gefen tabarmarta da ta jiƙe.

"Sawu shida ne, Auta. Ranar wanki takwas."

"Ni? A layin mata?"

Matar ta ce, "Ai gara a samu mai ilimi a wurin. Famfon nan ya daɗe yana wasa da mu."

Washegari da sassafe aka ga Injiniya a ƙarshen layi da jarka biyu. Kafin ya ajiye su ya fara bayanin abin da ya sa ruwan ba ya zuwa da ƙarfi, ya ce bakin famfon ne ya yi ƙunci, kuma in an ba shi dama, da tsinke ɗaya zai faɗaɗa shi. Matan suka dubi juna. Ta gaba ta janye bokitinta daga ƙarƙashin famfo tun bai cika ba, ta ce, "Baba Injiniya, bismillah, fara ɗiba." Sauran suka dare masa hanya, wata har da taya shi riƙe jarka, wata ta tsaya tsakaninsa da kan famfon har ya gama.

Ya iso gida yana haki, ya dire jarkokin a bakin kicin.

"Kin ga abin da nake gaya miki. Ina zuwa suka ba ni gaba. Ko a layi an san matsayina."

Matar ba ta ɗago daga kan keke ba. Ta gyara bakin yadi a ƙarƙashin allura, ta ce, "An sani, Malam. Saura biyar."